Fuloti a Tudun Ni'ima

Jama'a, ku yafe mini shirun da na yi muku. Masu tambaya ko an fasa bikin ne, da masu cewa in turo hoton anko, duk na ga saƙonninku. Wallahi ba wulaƙanci ba ne. Sai in ɗauki wayar in fara rubutu, hawaye su rufe mini haruffan, in kife ta a kan filo. Yau dai na ce sai na fitar da abin nan daga ƙirjina, ko na samu in yi numfashi.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Mu'minat. Mu mutanen Gangara ne, amma a cikin Jibiya muke zaune tun shekarar da 'yan bindiga suka hana mu kwana a gida. Babana, Malam Lado, da harsashi a cinya aka fito da shi, har yanzu da sanda yake tafiya. Gidan da muke ciki, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida mai siminti, na Zunnuraini ne. Shi ya ba mu aro ba tare da ya karɓi ko sisi ba, kuma da shi ne aka sa mini ranar aure bayan babbar salla.

Zunnuraini dillalin filaye ne. In kun san Jibiya a 'yan shekarun nan kun san abin da nake nufi. Ƙauyuka sun juye cikin gari, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa, ga kuma maganar jirgin ƙasan da zai wuce Maraɗi. Sai ƙasa ta haukace. Mai shayi dillali, mai faci dillali. Mutanen Nijar na tsallakowa da sefa a jaka suna saye. A sayi fuloti da hantsi, kafin la'asar an sayar wa wani da riba, kuma cikinsu babu wanda ya taɓa ɗora bulo ɗaya a kai.

Ni ce muryar tallansa. Zai turo mini bidiyo da rubutu, in shiga ɗaki in rufe taga saboda kukan awakin maƙwabta, in karanta a hankali da muryar da yake cewa ita ta fara sace shi. Na baya-bayan nan kun gan shi, don har a nan na saka:

"Tudun Ni'ima, sabuwar unguwa a kan tudu, jar ƙasa mai riƙe gini. Ga wuta, ga hanya, ga tashar jirgi a bakin ƙofarka. Saya yau, gobe ya fi ƙarfinka."

Ban taɓa zuwa wurin ba. Ban ma taɓa tunanin in je ba.

Ranar Asabar da azahar ina tsakar gida ina tsince shinkafa, daga ni sai zanen atamfa da tsohuwar rigar yadi, sai na ji sallamar Anti Miriam. Ma'aikaciyar jinya ce, mutumiyar Zonkwa, ta daɗe a garin nan har Hausarta ta koma ta Katsinawa. Ita ta yi ta wanke wa Baba ciwonsa lokacin da ya ruɓe har ana maganar yanke ƙafar. In ta tashi aiki sai ta biyo da audugarta da almakashinta, ba ta taɓa yarda an ba ta ko kuɗin mota ba. Mijinta Ezra ma'aikacin shige da fice ne a bakin iyaka, bara ya rasu, ya bar ta da 'yarsu Comfort.

Ta shigo da ledar mangwaro, ta sha atamfa shuɗiya ɗinkin riga da siket, ɗaurin ɗankwalinta ya karkata gefe. Inna Hajo, mahaifiyata, ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma.

"Amarya, zo nan ki zauna kusa da ni," in ji ta. "Yau wurinki na zo."

Ta ciro waya ta danna. Sai ga muryata ta cika tsakar gidan.

"Mai gidan da nake haya ya sake ƙara kuɗi," ta ce. "Na gaji, Mu'mina. An biya ni haƙƙin Ezra, na ce ba zan taɓa shi ba sai a kan abin da Comfort za ta ce na babanta ne. Dillalan garin nan tsoronsu nake ji. Amma da na ji ke ce, sai na ce shikenan, 'yar Malam Lado ba za ta yi mini ƙarya ba. Litinin zan shiga banki. Raka ni mana in ga wurin, in sa masa albarka."

Har daɗi na ji, ku yarda da ni. Na shiga na zura doguwar abaya baƙa, na yafa mayafi ruwan ƙasa, na fesa turaren da Zunnuraini ya kawo mini daga Maraɗi. A raina ina cewa yau zan ga abin da nake yi wa kirari.

Mai Napep ya bi da mu ta bayan gari har kwalta ta ƙare, ya ci gaba a kan turɓaya har ya ce shi iyakarsa ke nan, in ya ƙara gaba yashi zai riƙe shi. Muka sauka muka taka. Ruwan farko ya sauka a makon, ƙasa na ƙamshi. Abin da na fara lura da shi, ƙafafuna sauri suke yi ba da son raina ba. Gangarawa muke yi, ba hawa ba.

Allon na nan, ƙato, da hoton gidaje masu jan kwano da sunan Tudun Ni'ima. A ƙarƙashinsa babu jar ƙasa. Farin yashi ne mai laushi, irin wanda ruwa ke shimfiɗawa in ya wuce, har ɗan ruwan da aka yi ya tsaga masa ƙananan hanyoyi. Babu turken wuta ko ɗaya. Na juya gabas na juya yamma ina neman filin da ke cikin bidiyon, babu shi, babu mai kama da shi.

Sai na ɗaga kai. Akwai wasu itatuwan ƙaya a gefen fulotan. A rassansu, sama da tsayina, ledoji ne da tsummoki da busassun karan dawa a cushe, duk sun karkata gefe guda. Duk wanda ya ga ambaliyar da aka yi a garin nan shekarun baya ya san abin da ke rataye kaya a wurin. Ba iska ba ce.



Anti Miriam ba ta kalli sama ba. Ƙasa take kallo. Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, tana taka yashin tana aunawa da ƙafa.

"Nan falo. Nan ɗakina. Nan na Comfort, taga ta kalli gabas, tana son rana da safe. Can baya in shuka zogale da yakuwa." Ta yi dariya, sai kuma ta share ido da bakin ɗankwali. "Ezra ya yi ta cewa sai ya yi ritaya. Kin ga yadda Allah ya yi. To ina tashar jirgin take?"

"Can gaba ne, Anti," na ce, na nuna wani wuri da ban sani ba.

Jama'a, da bakina na faɗa. Ta gyaɗa kai, ta durƙusa ta yi addu'arta a kan yashin, ni kuma ina tsaye a bayanta kamar an dasa ni.

Da muka dawo na tura wa Zunnuraini saƙo: "Yaya, na je Tudun Ni'ima yau."

Ya buɗe nan take. Na ga yana rubutu, ya daina, ya sake farawa. Can sai ga shi: "Wa ya kai ki?"

"Anti Miriam."

"Gobe zan shigo bayan la'asar. Kada ki yi magana da kowa, Mimina."

Ya zo kuwa, cikin farar shadda mai ɗinkin hannu da hula ruwan toka, ƙamshinsa ya riga shi shiga zaure. Na kai masa zoɓo mai sanyi a jug ɗin gilashin da Inna ba ta fitarwa sai don shi. Na zauna a bakin tabarma. Kullum in ya zo sai ya tsokane ni kafin gaisuwa. Ranar bai yi ba.

"Yaya, bidiyon nan ina ne?"

"Wani fili ne a hanyar Katsina. Misali ne kawai, kowa haka yake yi."

"Wurin kwari ne. Hanyar ruwa ce."

"Ba kowace shekara ruwa ke bi ba."

"In ya bi fa? Da mutane a ciki?"

Ya ajiye kofin. "Mu'mina, wa ya ce miki gini za a yi? Duba garin nan. Wa ke gini? Ta saya yau, kafin kaka ta sayar ta ci riba, ta je ta sayi wani a inda take so. Taimakonta ma na yi."

"Ɗakin 'yarta take aunawa, Yaya. A gabana."

Ya cire hular ya ɗora a gwiwa, sai na ga yadda ya rame a wuya, abin da ban lura da shi ba sai ranar. Da ya sake magana muryarsa ta sauka ƙasa.

"Kin san da me na sayi wurin nan? Duk abin da na mallaka yana ciki, har da na mutane. Lokacin da na saya, layi ake yi a ƙofar ofis. Yanzu wayata sai ta wuni ba ta yi ƙara ba. 'Yan Maraɗi sun ja baya. Kowa so yake ya sayar, babu mai saye. In damina ta zauna ban rabu da fulotan nan ba, na ƙare. Motar nan, ofis, gidan da su Baba ke ciki, duk za su tafi. Ni ma sayar mini aka yi, Mimi. Da rani na gani, kamar kowa."

"Amma yanzu ka sani."

"Na sani." Ya kalle ni, idanunsa sun yi ja. "Ki ba ni wata biyu kawai. A ɗaura mana aure, in fita daga ramin nan, wallahi ba zan ƙara taɓa fili irin wannan ba. Ba cewa na yi ki yi ƙarya ba. Shiru kawai za ki yi."

Kada ku zage shi a ƙasan rubutun nan, don Allah. Mutumin nan shi ya ɗauki Baba a bayansa ya sa a mota ranar da ciwon ya tashi. Shi ya saya wa ƙannena kayan makaranta. Ina son sa, har yanzu da nake rubutun nan ina son sa, shi ya sa abin ke ci na.

Da ya tafi na shiga ciki, sai na tarar da Inna tsaye a bayan ƙyauren zaure da muciya a hannu. Ta ji komai. Ta ja ni ɗaki, ta sakaya labule. Akwatunan lefena na jere a jikin bango, an lulluɓe su da tsohon zanen gado saboda ƙura.

"Mi kika shirya yi?" ta ce.

"Inna, Anti Miriam ce fa."

"Na san ko wace ce. Ni ma ban manta alherinta ba. Amma ke kika sayar mata? Ke kika auna filin? Karatu aka ba ki kika karanta." Ta zauna a bakin gado, muciyar a cinyarta. "Ɗiyar ga, ki dube ni. In yaron ga ya ce mu tashi, ina za mu? Gangara? Ki ɗauki ubanki da sandarshi ki maida shi inda aka halbe shi? Ko mu koma kwana a ajin makaranta kamar farkon zuwanmu, ana raba muna tuwo a roba?"

Sai ta fashe da kuka. Inna ba mai kuka ba ce. Ko ranar da muka baro gida da kayan jikinmu ban ga hawayenta ba.

"Ki rufa muna asiri, Mu'mina. Ki yi shiru. Allah ya ga zuciyarki."

Na ɗauki buta na fita.

Litinin da sassafe na ce zan je karɓo ɗinki. Na sa hijabi toka har ƙasa, ko hoda ban shafa ba. A hanya saƙon Zunnuraini ya shigo: "Barka da safiya, amaryata. Na yarda da ke." Na kashe wayar gaba ɗaya.

Na samu Anti Miriam a barandar asibiti cikin fararen kayan aiki, jakarta a kafaɗa, tana gaya wa abokiyar aikinta za ta leƙa banki ta dawo. Da ta gan ni ta washe baki.

"Amarya! Rakiya kika zo yi mini?"

"Anti, kada ki biya."

Na faɗa mata duka. Bidiyon ba wurin ba ne. Babu wuta, ban san inda tasha take ba. Wurin hanyar ruwa ce, kuma mai sayarwar ya sani. Ina magana ina kallon takalmanta, don na kasa kallon fuskarta.

Ta zauna a kan bencin marasa lafiya, ta ɗora jakar a cinya ta riƙe da hannu biyu.

"Yaushe kika sani?"

"Ranar Asabar."

"Muna can?"

"Eh, Anti."

"Ina auna ɗakin Comfort kina tsaye." Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma ta yi faɗan, da ya fi mini sauƙi. "Har na gaya mata, kin sani? Jiya bayan coci ta zauna tana zana gidan a takarda."

Na durƙusa a gabanta ina ba ta haƙuri. Ta bar ni na yi kukana, can ta dafa kaina.

"Tashi, mutane na kallo. Kin zo dai, ba ki bari na shiga bankin ba. Na san abin da zuwan nan zai ja miki." Ta numfasa. "Amma akwai abin da ba ki sani ba. Mata biyu a zumuntar matan cocinmu sun riga sun biya, ni na tura musu bidiyon. Ɗaya gwauruwa ce kamar ni. Dole in gaya musu yau, Mu'mina. Ba zan iya rufe wannan ba."

"Na sani, Anti."

"Allah ya tsare ki," ta ce. Ta miƙe ta koma ciki, ba ta waiwayo ba.

Ban kunna wayar ba sai da na kusa gida. Kafin azahar saƙonni suka fara zubowa.

"Me kika yi?"

"Mata sun cika mini ofis."

"Ɗauki wayata."

"Kin kashe ni, Mu'minat. Da hannunki."

Tun da muka haɗu bai taɓa rubuta cikakken sunana ba sai ranar. Na zauna a bayan ɗaki kusa da randa ina karantawa ina maimaitawa. Inna ta wuce ni da kwanon wanke-wanke, ta dubi fuskata sau ɗaya, ta gane. Ta ci gaba da aikinta kamar babu ni a gidan, kuma wannan ya fi mari zafi.

Bayan la'asar Baba ya dawo daga masallaci. Na ji ƙarar sandarsa a kan siminti, sai na ji yana kira na. Na goge fuska na fito. Yana zaune a kan kujerarsa ta roba a inuwar katanga, ya miƙe ƙafar mai ciwo, kuma murmushi yake yi. Rabon da in ga haƙoran Baba a waje har na manta.

"Zamna nan, uwata," ya ce. Haka yake kira na, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Hajo, ke ma taho ki ji. Na so in bari sai ranar ɗaurin aure, amma cikina ya kasa riƙewa."

Inna ta fito daga madafa da faranti a hannu ta tsaya.

"Tun da anka sa ranar ga nike tunani," in ji Baba. "Ban so ki shiga gidan miji ana nuna ki ana cewa iyayenta a gidan aron surukinsu suke. Mutum ya riƙe ka shekaru, ya isa. To na saida gonar Gangara. Wani ɗan Mazanya ya saye ta, da arha dai, tunda ba mai iya noma ta yanzu. Na haɗa da 'yan kuɗin tumakin da munka bari wurin ƙanena."

"Malam, wace gona?" Muryar Inna ta fito siririya. "Ta gado?"

"Ita. Mi za a yi da gonar da ba ka iya zuwa?" Ya juyo gare ni, fuskarsa cike da haske. "Na sayi fuloti, uwata. A wurin ga da kike faɗi cikin waya, Tudun Ni'ima. Makon jiya na kai ma yaron kuɗin da hannuna. Shi da kanshi ya zaɓa mini, na ce kada ya gaya miki. Ko ɗaki guda ne mu ɗora, in mutu a cikin nawa."

Makon jiya. Ke nan ranar da ya zauna a zaurenmu yana shan zoɓo yana roƙo na in yi shiru, kuɗin gonar Baba na aljihunsa.

Farantin ya suɓuce daga hannun Inna, ya faɗi yana juyawa a kan siminti har ya tsaya don kansa. Ta dube ni, na dube ta.

Baba ya kalli Inna, ya kalle ni. Murmushin ya fara sauka daga fuskarsa a hankali.

"Mi ya faru?" ya ce. "Ba ku yi murna ba?"